Linzamin Majalisa

Injin wasan a cikin buhun taki ya shigo Bukkuyum. Wani baƙo mai sayen dutsen zinariya ne ya saba kawo wa tela ɗinki, da zai koma garinsu sai ya bar masa shi, da faifai ɗaya da wani ɗan kati da ake adana wasan a ciki. Ya ce a ba yara. Tela ya jujjuya abin a hannu, ya ce yara ɓata shi za su yi. Ya share teburin da yake yanka yadi, ya jona injin da talabijin, ya tayar da janareta, ya kira mu.

Telan nan taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma a rumfar shagonsa majalisarmu take zama tun muna samari. Ba mu da yawa. A lokacin da nake magana duk furfura ta fara leƙo mana. Muna haɗuwa bayan la'asar, in an idar da magariba a fito wa kowa da kwanon tuwo daga gidansa mu ci tare. Su suka haƙa kabarin mahaifina. Su suka nome mini gona shekarar da ciwon baya ya kwantar da ni. Babbanmu mai awon hatsi ne a kasuwa, Yaya muke ce masa, in ya yanke magana ta yanku.

Ni aikina a majalisa shi ne aike. In za a je ta'aziyya Anka, ko biko, ko neman aure, ni ake turawa, don ba ni da saurin fushi, kuma abin da aka sa a bakina shi nake saukewa, ba ƙari ba ragi. Ba ni da dukiya, ba ni da karatu. Wannan yardar ita ce rigar da nake fita da ita cikin gari.

Mun ɗauka wasan ƙwallo ne, ko na dambe irin wanda samari ke yi a Gummi. Ashe labari ne mai tsawo. Mutum ne guda yake tafiya a wata ƙasa ta duwatsu da fadamu, yana haɗuwa da mutane suna yi masa magana. Can sai komai ya tsaya, rubutun Turanci ya fito layi biyu ko uku, ba zai motsa ba sai ka zaɓar masa abin da zai ce. Abin da ka zaɓa kuma yana bin ka. Wanda ka zaga yau, gobe za ka tarar ya rufe maka ƙofa.

Mutum ɗaya ne cikinmu yake jin Turanci, malamin firamare, Ticha muke ce masa. Ni a shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci. Haruffan da ke fitowa a talabijin duk na san su, amma irin sanin da kake yi wa direbobin kudu a tasha ne: ka gane fuska, ba ka jin abin da suke faɗa.

Da yake mutumin ɗaya ne, katin ma ɗaya, Yaya ya ce na majalisa ne, ya kafa doka. Abin dannawar, wanda muka sa wa suna linzami, kullum mutum ɗaya zai riƙe, bi da bi yadda muke jere a benci, daga la'asar zuwa kiran magariba. In rubutu ya fito, Ticha ya fassara, majalisa ta tattauna, Yaya ya yanke. Sannan mai linzami ya faɗi maganar da bakinsa, da Hausa, da ƙarfi, kafin ya danna. Da farko saboda na ƙarshen benci ne, waɗanda ƙarar janareta ke hana su jin Ticha. Daga baya abin ya zama kamar wakili a wurin ɗaurin aure, sai an ji daga bakinsa ake shaidawa.

"Mai linzami hannu ne," in ji Yaya. "Hannu ba shi da shawara."

In an tashi, Yaya ke zare katin ya sa a aljihun 'yar cikinsa. Dalili kuwa, wata rana mutuminmu ya kwana da jan takalmi ya tashi da baƙi. Tela ya rantse bai taɓa injin ba. Babu wanda ya ƙaryata shi, babu kuma wanda ya sake barin katin a shagonsa.

Tafiya ta kai mu wurin wata ƙungiya masu zama a kan tsauni suna tsaron hanya. 'Yan tsauni muke ce musu. Sun karɓe mu lokacin da ko sandar kirki ba mu da ita, suka ba mu ɗaki da takobi da alfadari mai ɗaukar kaya. Kafin su ba mu sai da aka yi rantsuwa, ranar kuwa Yaya ne da linzami. Ya gyara hula ya ce, "Dokarku dokata ce, abokin gabanku abokin gabana ne," ya danna. Muka yi ta dariyar yadda ya ɗaure fuska kamar a gaban alƙali. Babbar dokarsu ita ce wanda ya shiga ba ya fita. Wanda ya gudu, duk ɗan ƙungiyar da ya gan shi wajibi ne ya miƙa shi. Abin da suke yi masa ba a nunawa, ana dai rufe ƙofa a ji ƙara.

Rannan linzami yana hannuna muka tarar da wani mutum kwance a gindin bishiya a bakin fadama, ƙafarsa ɗaure da tsumma. Ya yi magana mai tsawo. Ticha ya ce cewa yake yi ana nemansa, in mun ɗauke shi zai nuna mana hanyar ƙetare fadamar. Fadamar nan ta ba mu wuya, mun nutse a cikinta ba adadi. Majalisa ta ce a ɗauke shi. Na tambayi Ticha abin da zan faɗa.

"Ka ce, tashi, kana cikin amanata, ba mai taɓa ka ina raye."

Na faɗa, na danna. Mutumin ya dafa bishiya ya miƙe, ya biyo mu yana ɗingishi.

"Taubashi ya samu ɗan'uwa," in ji tela. "Ku dubi tafiyarsu, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ban ɗauki abin da nauyi ba a ranar. Amma daga baya na lura in ba ni ke da linzami ba, idona ba ya kan mutuminmu, yana can baya kan mai ɗingishi, ko an bar shi nesa. In linzami ya faɗa hannun masu gaggawa sai in ji na ce a ɗan jira shi. Su yi dariya, su ce ai ba ya ɓata, da kansa yake ɓullowa.

Ba zan ce na yarda da shi ba. Halinsa ba shi da daɗin gani. In mun sauka hutawa sai a neme shi a rasa, can ya fito daga bayan dutse. Duk inda muka yada zango, kafin mu tashi mahara sun same mu. In aka tambaye shi daga ina yake, Ticha ya ce kewaye-kewaye yake yi. Yaya ya ce shi tun ranar farko idon mutumin bai kwanta masa ba. Ni ma na fara zarginsa, ina dai yin shiru.

Da muka ƙetare fadamar muka doshi gadar da ke komawa tsauni, sai wani ɗan saƙo ya tare mu. Ashe mai ɗingishin nan ɗan ƙungiya ne da ya gudu. Shugabansu yana jira a bakin gada, a zo masa da shi. Da aka juya kan mai ɗingishin bai musa ba. Ya ce an sa shi ƙona rumbunan wani ƙauye ne ya ƙi, shi ya sa ya gudu. Ko gaskiya ne ko ƙarya, wasan bai faɗa ba.

A kan tuwo aka yi maganar.

"Mun ci abincin mutanen ga," in ji Yaya, "mun kwana ɗakinsu, takobinsu ne a hannunmu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Na ce, "Yaya, amma an ba shi amana."

"Wa ya ba shi?"

"Ni."

"Kai ko majalisa?"

"Majalisa ce ta ce, amma bakina ne ya faɗa."

"To majalisa ta bayar, majalisa ta karɓe. Rantsuwar da munka yi wa 'yan tsauni ai ta riga taka. Kuma kai kanka, ka yarda da shi?"

Na ce ban yarda da shi ba. Amma ranar da na ce amana, ban ce sai in shi mutumin kirki ne ba.

"Taubashi, hoto ne fa," in ji tela, yana lasar yatsa. "In an kashe janareta ina yake zuwa? Ka taɓa ganin ya sha ruwa?"

Na ce ban gani ba.

"To kwantar da ranka. In sun yanka shi ni zan ɗinka likkafani, kyauta, har da aljihu."

Ticha yana ta cin tuwonsa. Na dai ɗago kai na ga yana kallona, sai ya mayar da ido kan kwano.

Daga inda muka tsaya zuwa gadar bai fi zaman yamma ɗaya ba, kuma akwai mutane a gabana kafin layi ya zo kaina. Na kwantar da raina cewa ba a hannuna za a yi ba. In lokacin ya zo sai in tashi in je alwala. Sai abubuwa suka fara faruwa. Wanda ya karɓi linzami washegari ya ce sai an koma kasuwar cikin wasan an sayi magani, ya ƙare yammacin yana taya kaya bai sayi komai ba. Na biye da shi ya tafi Nasarawa Burkullu wai duba surukinsa, aka tsallake shi. Tela, wanda ya fi kowa iya hannu, ya ɓata a dajin da ya sani kamar cikin shagonsa, ya yi ta zagaye, bai kawo mu daf da gadar ba sai da ladan ya ɗaga murya. Yaya ya zare kati. Na gaba a benci ni ne.

Ina tafiya gida ina juya abin. Katari ne kawai, ko zama aka yi ba na nan aka shirya abin ya faɗo hannuna? Ranakun da nake zuwa aji nakan makara. Sau da yawa in na iso rumfa sai in tarar an yi shiru, sannan wani ya ɗauko zancen farashin gero. A da ban ɗauke shi komai ba. Yanzu duk shirun nan suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Da safe na shiga gaida Inna. Ta dubi fuskata ta tambaye ni lafiya. Na ba ta labarin a taƙaice, ina jin kunyar kaina.

"Mutumin ga shina cin tuwo?"

"Ba ya ci, Inna."

"Shina da uwa?"

"Ba a nuna ba."

"To mi kake ramewa?" Ta ci gaba da tsintar wakenta. Har na kai bakin ƙofa ta ce, "Amma da bakinka ka ce amana?"

Na ce e. Ta koma kan wakenta.

Da hantsi ina gona ina maimai, sai na ji babur ya tsaya a bakin hanya. Ticha ne. Bai taɓa zuwa gonata ba, kuma a lokacin ya kamata yana gaban ɗalibansa. Ya yaba dawar, ya tambayi bayana, sannan ya tsuguna a inuwar tsamiya ya rage murya, alhali babu kowa a wurin sai mu.

"Na ga abin ya dame ka. Bari in faɗa maka yadda rubutun zai fito. Layi biyu ne. Na sama, a miƙa shi. Na ƙasa, a hana."

"Ina ka sani, Ticha, kati na aljihun Yaya?"

Ya yi murmushi. "Wasan ga duk haka yake. Biyayya a sama, gardama a ƙasa. Ga abin da za ka yi. Faɗi abin da Yaya ya ce, da ƙarfi, kowa ya ji. Sannan babban yatsanka ya zame ƙasa. A irin wurin ga wasan da kansa yake adanawa, ba a komawa baya. Ka ce kuskure ne. Wa bai san hannunka na fartanya ba ne? Su yi faɗansu su gaji. Ka tsira da mutuminka, ka tsira da majalisa."

"Kai mi za ka samu?"

"Ni? So nake in ga inda labarin zai bi in an hana. Shi ke nan."

Ya karkaɗe wando ya hau babur ya tafi. Na jingina da fartanya na daɗe ban sunkuya ba.

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, son labari ne ya kawo shi. Amma mai yiwuwa Yaya ne ya turo shi, don a ga ko ɗan aiken majalisa yana sauya saƙo a hanya in ya samu inda ba za a gane ba. Ni da kaina an taɓa tura ni wurin mutum da magana mai daɗi don a ji cikinsa, na san yadda ake yi. Sai wani tunanin ya zo wanda ya fi muni. In layukan a juye suke fa? In danna na ƙasa ina zaton ceto nake yi, ashe miƙa shi na yi. Majalisa ta samu abin da take so, ta kuma ga irin halina a ɓoye, a yi dariya har shekara. Ba ni da yadda zan gane. Idon da nake ganin rubutun nan da shi na Ticha ne. A ranar na fara tambayar kaina, duk maganganun da muka yi ta faɗa da bakinmu wata da watanni, su ne a rubuce? Kalmar amanar ma, tana nan, ko Ticha ne ya ƙara gishiri? Ko ma yaya ne, ni dai na faɗe ta, mutane sun ji.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarar tana da daɗi. Yatsana yana zamewa da gaske, kowa ya sani. Sau nawa na jefa mutuminmu rami ana ce mini hagu ina bin dama.

Da la'asar rumfa ta cika. Wanda ya je duba suruki ma ya dawo, da na tambaye shi jikin surukin sai da ya ɗan yi jim kafin ya ce da sauƙi. Yaya ya sa kati, tela ya ja igiyar janareta, aka miƙo mini linzami. Na kora mutuminmu a hankali, yadda mai ɗingishi ba zai yi nisa ba. Babu wanda ya ce in yi sauri. Shugaban 'yan tsauni yana tsaye a tsakiyar gada da mutanensa a baya. Ya yi magana. Komai ya tsaya. Layi biyu suka fito.

Ticha ya gyara murya. "Na sama, ga shi nan, ku tafi da shi. Na ƙasa, ba zan ba ku shi ba, sai dai ku bi ta kaina." Bai dubi inda nake ba.

"Na sama," in ji Yaya. "Faɗi mu ji."

Na zauna da linzami a hannu. Wasan ba ya gajiya da jira. Mai ɗingishi yana tsaye a gefe yana sauya ƙafa, yadda suke yi in an bar su. Na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya ina haɗa su a raina yadda aka koya mana a aji, suka ba ni sauti ba su ba ni ma'ana ba.

"Taubashi," in ji tela, "man ga ba daga rijiya nake ɗebo shi ba."

Na yi tunanin in zauna haka har magariba, linzami ya wuce hannun na gaba. Zan iya, zama bai taɓa gundurata ba. Amma wannan ma miƙa shi ne, da hannun wani kawai. Kuma in da gaske shirya abin aka yi, za a sake zagayowa da shi kaina.

Na ɗora linzamin a gwiwata.

"Yaya, ina da magana."

"Hannu ba ya magana."

"Yau dai a yi masa haƙuri. Ba ni iya faɗin wagga magana. Bakin da ya ce masa amana ba zai ce ga shi nan ba. Na ƙasa zan danna. Na faɗa muku tun yatsana bai taɓa ba, don kada gobe a ce zamewa ya yi. In kun ga ku karɓe linzami, ga shi a gwiwata, ban riƙe ba."

Da na ce zamewa na dubi Ticha. Yana kankare laka daga takalminsa da tsinke. Na dubi Yaya, na dubi sauran. Babu mamaki a fuskar kowa. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan a ce sun tashi da faɗa.

Yaya ya gyara zama. "Doka ta ce ba a karɓar linzami hannun mai shi kafin magariba. Ni na kafa ta, ba ni karya ta don kai. Amma ka ji. Hoton ga ka ba amana. Mu kuma masu rai mun ba ka amanar hannunmu. Ɗaya za ka ɗauka ka aje ɗaya. Ka auna da kyau."

Na ce na auna. Gaskiya ban gama aunawa ba, don maganarsa tana da nauyi, har yau ban ce ba ta da shi ba. Na ɗauki linzami na ce da ƙarfi, yadda na ƙarshen benci zai ji, "Ba zan ba ku shi ba, sai dai ku bi ta kaina." Na sauko ƙasa na danna.

Kafin hoton ya motsa, na zuba ido ina jiran in ga ko Ticha ya juya mini layi. Mutuminmu ya taka ya shiga gaban mai ɗingishi, ya zare takobi. Ta nan dai bai yi mini ƙarya ba.

Aka kaure da faɗa, ni kuwa ban iya faɗa ba. Da ƙyar na kai mu gefen gada muka faɗa ruwa, ni da mai ɗingishi, ruwa ya tafi da mu. Alfadarin ya tsaya a kan gada da duk kayan da majalisa ta tara tun farkon wasan. A kusurwar talabijin 'yar alamar nan ta juya, wadda ke nuna an adana. Wani daga ƙarshen benci ya ce a hankali, "Har da sulken da munka sha wuya kafin mu samu." Aka kira salla.

Bayan magariba aka kawo kwanuka. Na zauna ina kallon nawa. Suka sa hannu suka ci kamar kullum, Yaya har ya ce miyar ta ji daddawa. Babu wanda ya ambaci gada. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Wasa ya ci gaba, muna yawo da riga ɗaya, 'yan tsauni suna farautarmu ko'ina. Da layi ya sake zagayowa kaina, na damana ya miƙa linzami ta saman gwiwoyina ya ba na haguna. Ba a ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Mai ɗingishi ya ɗan ƙara bin mu, sannan a wata mararraba ya tsaya ya yi gajeriyar magana ya kama wata hanya. Ticha ya ce wai zai je neman danginsa.

"Ko na gode bai ce ba?" in ji tela.

"Bai ce ba."

"Taubashi, amininka ba shi da tarbiyya."

Ko ya ce, ko bai ce ba, Ticha kaɗai ya sani. Ko shi ke kai rahotonmu ga mahara, wannan ma ba mu taɓa ganewa ba, don bayan tafiyarsa ba su daina samunmu ba, amma a lokacin kowa ma nemanmu yake yi. Wata rana na samu Ticha shi kaɗai a bakin masallaci, na tambaye shi ko wani ne ya aiko shi gonata rannan. Ya dube ni da fuska a sake ya ce, "Wace gona?"

Bayan kaka maganar auren babban ɗan tela ta taso, yarinyar a Gummi take. Tun yaron yana ƙarami an san ni zan je nema masa aure, tela da bakinsa ya sha faɗa. Na ji ranar da aka sa, na ba da farar rigata aka wanke aka buga. Da safe na sa ta na zauna a zaure ina jira. Na ji ƙarar babura sun taso daga wajen shago. Ba su shigo lungunmu ba. Na leƙa na hango su suna hawa titi, Ticha a bayan na gaba, da ƙunshin goro a cinyarsa. Na koma ciki na tuɓe rigar na ninke, na ɗauki lauje na tafi yankan harawa.

Da la'asar na je majalisa kamar kullum, aka matsa mini na zauna. An ba su yarinyar. Tela ya zaɓo farin goro babba ya miƙo mini.

"Taubashi, kada ka ji komai. Tsoro na ji, kada mu aike ka ka tarar da wani gurgu na son yarinyar, ka ba shi."

Aka yi dariya, har da Yaya. Ni ma na yi, na ɓare goron na ba na kusa da ni rabi. Taubashi ne, yana da ikon faɗin komai a ce wasa ne.

Har yanzu a bencin nake zama, kuma kwanona ba ya komawa gida da tuwo. Amma tun daga lokacin ba a sake aikena ko'ina ba. In za a yi aike, a gabana ake zaɓen wanda zai je. Wani lokaci a juyo a tambaye ni hanyar da ta fi kyau da damina, ko wanda ya kamata a fara gaisarwa in an isa gidan, in faɗa musu.